Don Allah ina neman shawara kan takarduna na Azhar

Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka min, kaina ya kulle. Na yi digiri na farko da mastas a jami'ar Azhar ta Masar, Kulliyar Usuluddin, sashen Akida da Falsafa, na dawo gida na kai takarduna ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja aka tantance, na yi bautar ƙasa. To yanzu ina neman koyarwa a wata jami'a, sashen falsafa sun ce ni ɗan Islamiyat ne, sashen Islamiyat kuma sun ce karatuna ya fi karkata ga mandiƙi (ilimin tsara tunani da kafa hujja) da falsafa, wallahi wata takwas kenan ana ta juya ni. Da mastas ai ana ɗaukar mataimakin lakcara ko? Ko sai na yi dakta tukuna, kuma a wane sashen zan yi ta?