Masu yara masu asma, wa ya taɓa gwada AI wajen kula da su?

Maman Sadiq, Kano:
Salam 'yan uwa. Ɗana shekararsa 14, yana da asma tun yana ƙarami, to yanzu ya kai shekarun da in na ce ka shaƙi inhelarka sai ya ɗaure fuska ya ce Umma ai lafiyata lau. Ga hunturu ya kawo kai kuma kun san hazon Kano. Yayarsa ce ta ce a haɗa shi da Meta AI ɗin nan na WhatsApp ko ChatGPT ya riƙa hira da shi kan ciwon tunda dama kullum yana kan waya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Duk wanda ya gwada don Allah ya faɗa mana gaskiya, mai daɗi da mara daɗi.

Abba, Zariya:
Umma ni ɗalibi ne kuma ina da ita, bari in faɗa miki abin da Sadiq ba zai faɗa ba: kunya ce. A hostel ɓoye inhela nake a safa saboda yara na cewa in ka fara shaƙa ka kamu kenan har abada. Tambayar da na kasa yi wa likita don layi ya yi yawa ita na yi wa ChatGPT cikin dare, wai meye bambancin shuɗiyar inhela da mai ruwan ƙasa. Nan ya warware min cewa shuɗiyar, salbutamol, buɗe hanyar iska kawai take na 'yan awoyi, mai ruwan ƙasar ce ke rage kumburin ciki shi ya sa ake shaƙarta kullum ko kana jin garau, kuma a kurkure baki bayan an shaƙa. Amma abin da ya fi min amfani shi ne rubutu, duk dare sai in gaya masa sau nawa na taɓa shuɗiyar, ko tari ya tashe ni, me na yi ranar, da wata ya ƙare na ce ya tattara min sai ga shi ƙarara daren da abokin ɗakina ya kunna maganin sauro mai hayaki shi ne nake kwana a zaune. Na kai wa likita, ya ji daɗi sosai.

Anti Nas, Kaduna:
Abba Allah ya yi maka albarka, haka ake so, ka kai wa likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma abin da ke ci min rai shi ne lokacin da ciwon ya taso. An taɓa kawo mana wata budurwa da ta zauna tana rubuta wa waya abin da take ji ƙirjinta na ƙara, ta ce ai abin ma ya ce ta tafi asibiti amma ta yi ta ƙara tambaya don ba ta son tada iyayenta. Ku gaya wa yaranku, in ba ka iya ƙarasa magana sai ka tsaya jan numfashi, ko leɓe ya fara canza kala, ko ka shaƙi shuɗiyar ba ta yi komai ba, to ajiye wayar ka buga ƙofar babba a wuce asibiti. Sannan tun 2019 GINA, masu fitar da ƙa'idar kula da asma ta duniya, suka daina yarda matashi ko babba ya dogara da shuɗiyar ita kaɗai. In yana neman ta fiye da sau 2 a sati ciwon bai kwanta ba.

Baban Ikram, Gusau:
Ni tawa gogewar daban ce. Ƴata ta sauko da wata manhajar abokin hira, da farko maganar asma ce, kafin mu ankara sai hira har ƙarfe biyun dare, magani kuma ba a sha ba. Na goge ta, muka koma alam ɗin waya bayan asuba da bayan isha'i. Kuma mu faɗi gaskiya, AI ba zai saya maka inhela ba, tun 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi, iyaye da yawa ba mantuwa ke damunsu ba, babu ce.

Hadiza, Maraɗi:
Gaskiya ne Baba. Mu nan in ƙanwata ta yi wa AI ɗin Faransanci amsar ta fi fita, Hausarsa na hargitsewa wani lokaci, kuma yakan ambaci maganin da ba mu da shi a farmasi. Amma shi ya sa ta samu ƙarfin halin ce wa Inna turaren wuta na tada mata ciwon, yanzu a tsakar gida ake turara kaya ba a ɗaki ba.

Maman Sadiq, Kano:
Na gode ƙwarai. Turaren wutan nan kam ya taɓa ni, kullum sai na saka. Anti Nas to in zan bar shi ya yi irin na Abba ta ina zan fara?

Anti Nas, Kaduna:
Ki fara da likitansa Hajiya, ya rubuta muku a takarda wace zai shaƙa kullum, sau nawa, da abin yi in ya taso. Wannan takardar Sadiq zai ba AI ɗin ya bi, ba shi zai tsara masa magani ba, kuma kar ya saka cikakken sunansa ko adireshi. Ki riƙa duba hirar tare da shi duk Juma'a, ba a ɓoye ba. Ki tambaya a nuna masa sifesa, robar nan da ake jona wa inhela don maganin ya isa huhu, in babu ita gorar ruwa mai 500ml ma ana gyara ta, an gwada a Afirka ta Kudu ta yi aiki. Ki je da gorar, nas ɗin za ta nuna miki inda ake hudawa.