Garin BCAA: ƙarin ƙarfi ne ko ruwan kala?

Auta: Salamu alaikum. Koci, jiya a wurin atisaye ka ce garin BCAA, wato garin amino asid na masu neman tsoka, da nake kaɗawa a gora asarar kuɗi ne ga duk mai cin isasshen furotin. Na yi shiru ne saboda idon mutane. Wata uku ke nan ina shan sa, ina kuma cin sandar kuzari (abincin leda mai ƙara kuzari) guda kafin in taɓa ƙarfe, kuma tsamin cinyoyina ya ragu sosai. Jiki magayi.

Koci: Wa alaikumus salam. Na faɗa, ban kuma janye ba. Wata ukun nan ai su ne farkon shigarka ɗaga ƙarfe. Duk sabon shiga tsamin jikinsa raguwa yake bayan 'yan makonni, ko da ruwa zalla yake sha, don tsoka ta saba da aikin.

Ɗan Tsere: A'a Koci, a yi adalci. Liyusin da ke cikin garin nan shi ne ke tada ginin tsoka. Wannan ba tallar 'yan kasuwa ba ce.

Malama: Ɗan Tsere ya yi gaskiya, amma rabinta ya kawo. Amino asid 20 ake haɗa furotin da su. Tara daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole a ci su a abinci. BCAA uku ne kacal cikin taran: liyusin, aisoliyusin da balin, galibi ana haɗa su a gari a ma'aunin 2:1:1. Liyusin yana kunna wata hanya a cikin ƙwayar tsoka da ake kira mTOR, wato shi ne alƙalin wasa mai hura usur. To an hura usur, 'yan wasa uku suka fito fili, shida ba su zo ba. Ina jiki zai samo su? Sai ya warware wani furotin da ke jikinsa ya ciro. A kan haka Robert Wolfe ya yi sharhinsa a 2017, ya ce babu hujjar cewa BCAA shi kaɗai yana gina tsokar ɗan Adam.

Auta: Anti, amma na ji an gwada an ga ƙari.

Malama: An gwada, ƙanena. A 2017 ɗin dai, Jackman da abokan aikinsa sun ba masu ɗaga ƙarfe giram 5.6 na BCAA bayan atisaye. Haɗa furotin a tsokarsu ya fi na lokacin da suka sha abin bogi, wato abin shan da babu BCAA a ciki, da kashi 22 cikin ɗari. Masu talla a nan suke ajiye takardar. Abin da ba sa karantowa shi ne, ƙarin ya tsaya wajen rabin abin da aka gani da furotin ɗin ruwan madara mai ɗauke da BCAA kusan daidai da hakan. An auna shi da babu ya ci, an auna shi da cikakken furotin ya sha kaye. Batun tsamin jiki kuwa ba zan ƙaryata ka gaba ɗaya ba, wasu gwaje-gwajen sun ga ɗan sauƙi, sai dai yawancinsu ma da abin bogi aka kwatanta.

Koci: Kilo nawa kake, Auta?

Auta: 70.

Koci: Giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo, giram 112 ke nan a yini. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne, ga madara, ga nama, ga kifi. Ka cike wannan tukuna, sannan ka zo mu yi maganar gari.

Ɗan Tsere: Ku duk tsoka kuke kallo. Ni ɗan dogon zango ne, gajiyar ƙwaƙwalwa ce matsalata. Eric Newsholme ya yi bayani tun 1987: tiriftofan, wani amino asid, da BCAA ƙofa ɗaya suke bi su shiga ƙwaƙwalwa. In BCAA ya yi ƙasa a jini, tiriftofan ya kutsa da yawa, ya koma sinadarin serotonin, sai kasala ta sauko.

Malama: Bayanin yana da daɗin ji, ni ma ya burge ni lokacin da nake ɗaliba. Da aka kai shi fili, sakamako ya rarrabu: wasu sun ce gajiyar ta ɗan yi sauƙi a ransu, agogo kuwa bai cika nuna bambanci ba. Ga shi kuma yana ƙara amoniya a jini lokacin gudu.

Ɗan Tsere: To mu ajiye wannan, ban dai sallama ba. Sandar kuzari fa? Ita ba wanda zai raba ni da ita. Brian Maxwell da ya fito da sandar PowerBar a 1986 ɗan gudun fanfalaki ne, ya san abin da ake ji in mai ya ƙare a tanki.

Koci: A kanka ban da ja. Gilaikojin, wato sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta, bai wuce na kusan minti 90 na gudu mai zafi ba, shi ya sa ake ce wa irinku ku riƙa cin giram 30 zuwa 60 na sukari ko sitaci a kowace awa. Auta kuwa minti 45 yake yi, rabinsu ma yana duba waya. In ya ci abinci awa biyu ko uku kafin ya zo, tankinsa a cike yake. Sai dai in da sassafe ne cikinsa wayam, nan ayaba ɗaya ko sandar duk ɗaya ne.

Ɗan Tsere: Amma a karanta bayan leda. Na taɓa cin wata mai yawan furotin da maiƙo da dusa saura minti 15 a tashi tseren kilomita 21. Ban kai kilomita takwas ba na fara waige-waigen inda zan laɓe.

Yaya Babba: Ina ta karanta ku. Akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma shi ya fi damuna tunda Ɗan Tsere yana shiga gasa. A Amurka, dokar 1994 ba ta tilasta wa kamfani ya nemi amincewar hukumar abinci da magunguna ta FDA kafin ya sayar da irin waɗannan kayan ba. Wani ɗakin gwaji a Kolon ta Jamus ya auna kaya 634 daga ƙasashe 13, ya tarar da sinadaran siteroyid, waɗanda aka haramta wa 'yan wasa, da ba a rubuta a jiki ba a kusan kashi 15 cikin ɗari. A dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, abin da aka samu a fitsarinka naka ne, "ban sani ba" ba ta wanke ka. In dole sai kun saya, ku nemi tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport, masu nuna an gwada kayan don gano haramtattun sinadarai.

Auta: Yaya, yanzu na juya robata gaba da baya, babu ko ɗaya. Kuma saura fiye da rabi.

Koci: Kai ba gasa kake shiga ba, amma ni dai ba zan ce ka shanye ba.

Ɗan Tsere: Kada ma ka yi tunanin kawo min. Malama, ki turo min takardar Jackman ɗin, ina so in ga wancan rabin da idona.