Tambaya kan miƙewar kwanson harsashi a bindigar Lee-Enfield

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana aikin bindiga kan wani abu da ya shige mini duhu. A Lee-Enfield mai harsashi .303 (faɗinsa ke nan a ma'aunin inci), wadda sojojin Ingila suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu, haƙoran kulle sakata (ƙarfen da ke tokare harsashi ta baya) suna can bayan sakatar, saɓanin bindigar Jamus Mauser 98 da nata suke gaba. Na fahimci cewa lokacin harbi matsin albarushi yakan danne sakatar, jikin bindigar ya ɗan miƙe, kwanson ya bi shi har ya sirance kusa da gindi. Inda na tsaya shi ne: idan harsasai suka warwatse daga inda aka saita, ta yaya zan bambance laifin wannan miƙewa da na karkarwar bututun bindigar?