Musayar Baitoci a Kan Hoton Dokin Ƙofa

Mai Kyamara: Jiya da almuru na ɗauki hoton wata ƙofa a buɗe rabi, mutum na tsallaka dokinta. Ga baitina, mai amsa ya amsa.

Na tsaya dokin ƙofa da almuru,
Rana ta faɗi, dare bai sauka ba,
Ƙafa guda ciki, guda tana waje,
Mai ita bai shige ba, bai fita ba.

Gwanin Haske:
Malam, hotonka ya sha dubawa,
Ciki baƙi ƙirin, ba a ganin kowa,
Waje fari fat, sama ta ƙone,
Haske kafin ɗauka yana son aunawa,
Zo in koya maka, ni ba ni rowa.

Mai Kyamara:
Yaro, ido ke haɗa ciki da waje,
Kyamara ɗaya take iya riƙewa,
Ka buɗe wa ɗaki, sama ta wanke,
Ka tsuke wa sama, ɗaki na dushewa,
Da gangan na bar shi ya zama inuwa,
Ba ni watsa filasha a fuskar kowa.

Uwar Biyu: Allah ya ƙara basira, Malam! Gwani ya ji a jikinsa.

'Yar Taga: Yayyena, ku sassauta. Hoto mafi tsufa da ya rage na kyamara ta taga aka ɗauke shi. Wani mai suna Niépce ne ya ɗauke shi, a Faransa, wajen 1826. Sa'o'i da yawa haske na shiga yana sauka a kan farantin da ke kama hoton, har rana ta haska gine-ginen ta gefe biyu.

Taga ce ta haifi wannan sana'a,
Mai ɗauka na ɗaki, idonsa na waje,
Safe da yamma sun haɗu a faranti,
Kowa ya samu gurbi, ba wanda ya guje.

Ɗalibin Aruli: Kafin a wuce, Gwani, ɗangonka na huɗu gaɓa 12 ne, na farko 10. Na ukun kuma ya saki amsa-amo. Baitin na ɗingishi.

Baban Yara: Ɗalibi, wa ya ce maka da ƙirge ake auna kari? Nauyin gaɓa ake bi, doguwa da gajeruwa. Rera shi ka ji.

Ɗalibin Aruli: Na rera, Baba, numfashina ya yanke a "aunawa".

Uwar Biyu: Ai na Malam ma ɗango na uku bai bi ba, amma nasa ya zauna daram.

Baban Yara: Wannan son kai ne, Hajiya. Laifi iri ɗaya, hukunci biyu?

Gwanin Haske: Kwana biyu ba na kusa, ku yi haƙuri. Malam, mai ɗaukar hoto Cartier-Bresson a 1932, bayan tashar jirgin ƙasa ta Saint-Lazare a Paris, ya kama mutum yana tsallake ruwa, dunduniyarsa saura kaɗan ta taɓa. Shi ne hoton tsakani na gaske, mutum bai nan bai can.

Mutum a sama, inuwarsa a ruwa,
Dunduniya ta kusa, ba ta taɓa ba,
Ƙiftawar ido ya jira ya kama,
Kai ka jira duhu, ba ka kama ba.

Mai Kyamara: Ƙanena, ka manta hoton da Talbot ya ɗauka a Ingila, 1844: ƙofa a buɗe, tsintsiya a jingine, babu mutum ko ɗaya, cikin kuma duhu ne.

Tsintsiya ta jingina bakin ƙofa,
Mai shara ya tafi, bai yi nisa ba,
Duhun cikin ke sa ka leƙa,
Ka ce wa Talbot bai auna haske ba!

'Yar Taga: Wannan tsintsiyar ta taɓa ni, Yaya. Ina kallonta ina jiran mai ita ya dawo.

Ɗalibin Aruli: Malam, "Talbot" ya yi wa ɗangon ƙarshe nauyi. Baba, rera wannan ma ka faɗa mana gaskiya.