Shin kayan aiki masu araha asarar kuɗi ne?

Makanike, Ƙofar Ruwa: Assalamu alaikum. Bayan Sallah nake son yaye yarona wanda ya shekara 6 a hannuna, kuma al'adar garejinmu ita ce maigida ya haɗa wa yaro kayan da zai fara cin abinci da su. Wani ya ba ni shawarar in sayi akwatin nan mai araha da ake jerawa a bakin shaguna, mai sifanoni da filaya da sukundireba a haɗe, ni kuwa na ce masa kayan araha asarar kuɗi ne. Hujjata ita ce, bara na ɗora wata sabuwar sifana mai lamba 17 a kan noti a ƙarƙashin motar wani bawan Allah, da na danna sai bakinta ya buɗe, ta suɓuce ta cinye kan notin har ya koma kamar ƙwallo, ni kuma na daki ƙarfe da bayan hannu. Aikin minti goma ya cinye mini wuni, har sai da mai walda ya liƙa wani notin a kai kafin ya kwance. Tun daga ranar na yarda araha ba ta ado.

Mai shagon kayan aiki, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Oga, ban musa abin da ya same ka ba, amma ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato mai araha da jabu. Jabu shi ne wanda aka buga masa sunan Stanley ko Bosch alhali kamfanin bai san da zamansa ba. Akwai kuma irin su Ingco da Total da Tolsen, waɗanda suke sayar da kayansu da sunansu a farashi mai sauƙi, kuma magina da masu gyaran famfo da yawa a garin nan da su suke aiki. Zancen cewa duk abin da ya fito daga Sin banza ne shi ma bai tsaya ba, domin Makita da Bosch kansu suna da masana'antu a can. Sin tana ƙera kaya hawa-hawa ne, ɗan kasuwa shi yake zaɓar hawan da zai ɗauko. Sannan tun da aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a watan Yuni na 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, to yaron da zai fara sana'a yau, in aka ce sai manyan sunaye, yaushe zai fara?

Kafinta, Gwammaja: Ɗana, ka yi gaskiya a kan tsada. Ni dai gudumar da nake aiki da ita ta fi wasunku shekaru, ƙota kawai nake sauya mata. Amma na taɓa gwada tef ɗin awo guda biyu masu araha gefe da gefe, na tarar ba su yarda da juna ba, bayan na riga na yanka katakon ƙofa da ɗaya daga ciki.

Malamin koyar da sana'a: Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so in yi bayanin dalilin da ya sa sifanar Oga ta buɗe baki, domin a nan ne gardamar take. Sifana ta ƙwarai ana buga ta ne da zafi a cikin mazubi, sannan a sake gasa ta a tsoma ta a sanyaya bisa ƙa'ida, yadda za ta yi tauri ba tare da ta zama mai karyewa ba, kuma maƙeranmu na gargajiya sun san wannan sirrin tun kafin zuwan inji. Wannan matakin ne mai rage kuɗi yake ha'inta, saboda ido ba ya ganinsa. In ƙarfen bai gasu ba sai ya lanƙwashe, in kuma ya wuce kima sai ya fashe kamar tangaran. Rubutun Cr-V da ake gani a jikin sifana yana nufin an gauraya ƙarfen da sinadaran da ke ƙara masa ƙwari, sai dai buga haruffa ba shi da wuya ga kowa. Haka yake a injin huda da giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe, inda wasu ke naɗa waya ta alminiyon a maimakon ta tagulla. Alminiyon yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin ɗari ne na wutar da tagulla mai kauri ɗaya ke ɗauka, don haka injin yakan yi zafi da wuri, balle a ranar da wuta ta zo ba ƙarfi ko ana aiki da ƙaramin janareta. Duk da haka ban goyi bayan a ce dukkansu asara ba ne, domin shebur da cokalin gini da baro ba sa buƙatar wannan ƙwarewar.

Wata malama, Hotoro: Ni ba mai sana'a ba ce, amma a gidana sukundireba da filaya masu araha sun shekara 4 suna ɗaure mini hannun tukunya da maƙallin labule. Da na sayi masu tsada, da kuɗin ne ya kwanta a durowa.

Mai walda, Dakata: Hajiya, naki daidai ne, domin abin da kike ɗaurewa ba zai tashi ya same ki a fuska ba. Ni inda nake roƙon kowa ya tsaya shi ne faifan yankan ƙarfe. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana juyawa kusan sau 11,000 a minti ɗaya, kuma abin da ke riƙe da faifan nan danƙo ne da zaren gilashi kawai. Faifai na kirki yana ɗauke da adadin juyin da zai iya jurewa, a zoben ƙarfen tsakiyarsa kuma akwai watan da zai daina aiki, saboda danƙon yana lalacewa in ya daɗe ko ya sha danshi. Na ga faifan da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ya tarwatse a hannun yarona, ɓallin ya tsaga masa kunci ƙasa da ido kaɗan, jini ya jiƙa masa riga kafin mu kai shi asibiti. Laifina yana ciki, domin ni na saya, kuma ni na bar shi ya cire murfin kariyar injin. Har yau in na kalli tabon nan sai gabana ya faɗi. Sifana in ta ci amana hannu take ƙujewa, amma faifai da jak da tsani da wayar wuta, waɗannan da rai ake ciniki.

Mai shagon kayan aiki, Sabon Gari: Allah ya ƙara masa lafiya, Malam. A kan faifai da jak na sallama, kuma hukumar SON, wadda aikinta ne tantance ingancin kayan da ke shigowa, ya kamata ta matsa a nan. Amma ku ma masu saye ku yi mana adalci. Mutum zai shigo in ajiye masa kala uku in faɗa masa gaskiyar kowanne, ya ce in ba shi na ƙasan, bayan sati biyu kuma ya dawo yana cewa na cuce shi.

Makanike, Ƙofar Ruwa: Na ji bayanin kowa, na kuma janye kalmar da na yi wa dukkan kayan kuɗin goro. Guduma da filaya da akwatin zubawa zan saya masa masu sauƙi. Amma sifanoni masu lamba 10 da 12 da 14 da 17, waɗanda zai riƙe kullum daga safe zuwa magariba, da kuma jak, ban sauka daga ra'ayina ba, gara in nemo masa na hannu masu asali a nan Ƙofar Ruwa ko da sun yi tsatsa. Alhaji, in ka amince zan zo shagonka ranar Asabar da sababbin notina a aljihu, in gwada kowace sifana a gabanka, wadda ta zauna daram ba ta girgiza ba in biya.

Mai shagon kayan aiki, Sabon Gari: Na amince, Oga. Ka zo da yaron ma, ya ga yadda ake gwadawa.