Hoton ƙwallon kwando a cikin zaure: ya kuke saita kyamara?

Ɗan Nima: Assalamu alaikum 'yan uwa masu ɗaukar hoto. Ranar Asabar ƙanena ya buga wasa a zauren wata makaranta a nan Accra, na je da Nikon D5300 da gilashin 18-55 da ya zo da ita. Na ɗauki hoto fiye da 300, masu kyau ba su kai goma ba. Bango da 'yan kallo sun fito raɗau, shi kuwa yaron kamar hazo. Wanda ya taɓa shan wannan wahala ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai Hoton Biki, Mamobi: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma haka na fara, domin na saba da amarya da ke tsaye wuri ɗaya. Na tabbata kyamararka tana kan AF-S, wanda yake kama mutum sau ɗaya ya kulle. Mai da ita AF-C, a Canon sunansa AI Servo, sai ta riƙa bin ɗan wasa yana gudu. Kuma kar ka bar ta ta zaɓi wanda za ta kama, don lalle bango za ta zaɓa. Sa ta a maki 9, wato ɗigon da kyamara ke kama mutum da su, ka ɗora na tsakiya a kan lambar rigarsa. Kai yana ta motsi, hannuwa suna gittawa, amma ƙirji yana nan, kuma rubutun riga yana ba ta abin kamawa.

Alhaji na Sabon Zongo: Gaskiya ne, amma ku duba gilashin. In ka ja shi zuwa 55 ba ya buɗewa fiye da f/5.6 (lambar f tana nuna faɗin ƙofar haske, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa), ga fitilun zaure marasa ƙarfi, dole kyamara ta rage gudun shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka. Rabin abin da kake gani hazo motsi ne kawai, saiti bai yi laifi ba. Shekara guda na yi ina zargin kyamarata kafin na gane haka. Da na sayi 50mm f/1.8 na hannu, na bar shi a f/2, hasken da ke shiga ya ninka na f/5.6 sau 8. Shota 1/640 na daƙiƙa, ISO (ƙarfin jin haske na kyamara, in ya yi yawa yana kawo yashi-yashi) 3200, wani lokaci 6400. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya gyara shi a kwamfuta, wanda ya goge kuwa ya tafi ke nan. In za ka saya ka nemi mai rubutun AF-S, wato na G; a jikin gilashi AF-S na nufin yana da motarsa, daban yake da saitin AF-S na kyamara. Tsohon na D ba zai juya da kansa a D5300 ba, don ba ta da motar juya gilashi a jikinta.

Yar Fadama: Ni alƙalin wasa ne ya dame ni. Da ya gitta sai kyamara ta saki yarinyar da nake bi ta koma kansa. A Canon 7D Mark II na rage saurin sauya saiti zuwa -1, abin ya yi sauƙi. Na kuma kunna maganin ƙyaftawar fitila. Wutarmu ta Gana 50Hz ce, wasu fitilu suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, shi ya sa hoto ɗaya ke fitowa kore, na bayansa ja-ja.

Mai Hoton Biki, Mamobi: Na manta, mai da maɓallin AE-L/AF-L na baya ya zama AF-ON, wato shi zai riƙa kama ɗan wasa maimakon maɓallin ɗauka. Babban yatsa yana bi, manuni yana ɗauka.

Alhaji na Sabon Zongo: Wannan kam ni na gwada na bari, yatsana bai saba ba. Ya fara da sauran tukuna.

Ɗan Nima: Allah ya saka da alheri Alhaji, Yaya, da ke 'yar uwa. Jiya na je atisayensu da AF-C da maki 9, na zauna ƙasa kusa da kwando. Waɗanda suka taho kaina kai tsaye har yanzu suna kuɓuce mini, amma na gefe sun fito. Gobe zan leƙa shagunan Circle da ke nan Accra in tambayi kuɗin 50mm ɗin.