Muhawara: turakun katako ko masu haƙoran ƙarfe, wanne ya dace da ud?

Ɗalibin ud daga Kano: Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da wata magana da nake so in ajiye a gabanku, ko da yake na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina, turakun katako da ake ɗaure tsirkiyar ud, wato kayan kiɗan Larabawa mai kama da molo, a jikinsu, waɗanda babu abin da ke riƙe su sai matsewar itace cikin itace, zamaninsu ya wuce. Yanzu akwai turaku masu haƙoran ƙarfe ɓoye a cikinsu, irin na Pegheds da ake yi a Amurka da na kamfanin Wittner na Jamus, kuma daga nesa ba a bambanta su da na gargajiya. Na Pegheds sai an murɗa kansa sau 4 kafin sandar da tsirkiya ke naɗewa a kai ta juya sau 1, na Wittner kuwa ya haura sau 8, saboda haka murya tana hawa sannu a hankali har ta tsaya inda ake so. Ud ɗina tsirkiya 11 gare shi, kuma da zarar iskar hunturu ta kaɗa, sai in buɗe akwati in tarar turaku sun saki, tsirkiyoyi sun kwanta. Mene ne amfanin riƙe abin da ke wahalar da mai koyo?

Masassaƙin kayan kiɗa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wahalar da ka faɗa gaskiya ce, amma ka ɗora laifin a inda ba shi ba. Turken katako ana fiƙe shi ne ya riƙa sirancewa kaɗan-kaɗan daga kai zuwa ƙarshe, kuma ramin da zai shiga dole a rarake shi da irin wannan sirancewar daidai. A goge na Turawa, ma'aunin da aka saba shi ne 1 cikin 30. Idan an yi aikin yadda ya kamata, turken yana taɓa bango biyu na gidan turaku ta kowane gefe, har za ka ga zobe mai sheƙi ya kewaye shi a wurare biyu idan ka zare shi. Ka zare naka ka duba. Ina kyautata zaton za ka ga sheƙin a gefe ɗaya kawai, domin yawancin ud masu araha da ake saya wa masu koyo da ɗanyen itace aka yi musu turaku, kuma itace idan ya bushe ba ya motsewa daidai ta kowace fuska, sai turken ya tashi daga zagayayye ya koma kamar ƙwai. Irin wannan turke ko dai ya ƙi juyawa ko ya zame gaba ɗaya. Maganinsa a sake fiƙe shi, a gyara ramin, a shafa masa ɗan busasshen sabulu da alli, sabulun don ya juya da laushi, allin don ya kama.

Ɗalibin ud daga Kano: Malam, na ji bayaninka, sai dai kai ma ka san masu irin wannan aikin ba su da yawa a wajenmu. Idan gyaran yana buƙatar gwani a kowace shekara, ai wannan ma hujja ce a gare ni.

Malama mai koyar da tarihin kiɗa: Ku ba ni dama in sa baki, domin kukan nan ya girmi dukanmu. A shekarar 1713, Johann Mattheson, mawallafin kiɗa na birnin Hambug, ya yi wa masu kaɗa lut, wato ɗan'uwan ud na Turai, ba'a cewa wanda ya shekara 80 a cikinsu to 60 ya yi su ne yana saita tsirkiya. Abin ya yi wa makaɗan zafi har Ernst Gottlieb Baron ya mayar masa da martani a 1727. Amma a lura da abin da ya jawo ba'ar. Lut na wancan ƙarni ya kai ga samun tsirkiya 24, kuma duka na hanjin dabba ne, wanda ke shan laima daga iska ya saki, ya bushe ya ɗaure. Ko da an ba su turaku masu haƙora, da tsirkiyar ta ci gaba da gocewa, domin ita ce ke miƙewa, ba turken ne kaɗai ke zamewa ba. Tsirkiyar nailan, wadda ta shigo a shekarun 1940, ta rage wannan matsala ƙwarai. Shi kansa inji mai haƙora kuwa tsoho ne, tun ƙarni na 19 masu jita suka karɓe shi, amma masu ud a Dimashƙa da Alƙahira da Istambul suka ci gaba da katako alhali suna ganinsa a hannun maƙwabtansu.

Dattijo daga Omdurman: Malama ta yi gaskiya, kuma ina so in ƙara dalilin da ya sa suka ƙi. Ud kaya ne marar nauyi, kuma makaɗi yana rungume shi ne a cinya ba tare da igiya ba, hannun hagunsa kuma aikinsa ya yi yawo a wuyan, ba ya tallafe shi ba. Duk abin da aka ƙara a gidan turaku, a can ƙarshen wuya, yana rinjayar kayan zuwa ƙasa. Turke ɗaya mai ƙarfe ba a jin nauyinsa, amma 11 ko 13 ana ji bayan an daɗe a zaune. Sannan tsirkiyar ud ba ta da ɗauri mai tsanani kamar ta ƙarfe, nauyin jan kowace bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba, kuma sandar turken siririya ce, saboda haka ɗan motsin yatsa ya isa. A nan Sudan zafi da bushewa ba su gaza na Kano ba, kuma da katako manyan mawaƙanmu suka yi aiki. Yaro, akwai kuma ladabin murɗawa: kullum ka sassauta ƙasa da muryar da kake nema, sannan ka hau zuwa gare ta kana ɗan tura turken ciki.

Ɗalibin ud daga Kano: Baba, Allah ya ƙara girma. Haka nake yi, amma sau da yawa ina murɗawa murya ba ta motsa ba, sai can in ji "ƙas", ta tsallake inda nake so.

Masassaƙin kayan kiɗa: To, wannan ƙarar da kake ji ba daga turke take ba. Tsirkiyar ce ke maƙalewa a tsagin ƙashin nan da ke ƙarshen wuya, inda take lanƙwasa ta nufi gidan turaku, kuma a ud da lut lanƙwasar tana da tsanani saboda gidan ya karkata baya sosai. Kana murɗawa ɗaurin yana taruwa a bayan ƙashin, sai ya kuɓuce gaba ɗaya. Ko ka sa turaku mafi tsada a duniya, haka za ta ci gaba da yi. A goge tsagin ya yi santsi, a cuɗa masa bakin fensir.

Makaɗiya mai ciwon gaɓoɓi: Malamai, ina girmama iliminku, amma kada a yi maganar kamar hannun kowa ɗaya ne. Yatsuna ba sa iya tura turke da murɗa shi a lokaci guda, musamman da sanyin safiya. Tun da aka sa mini masu haƙora nake saita ud ɗina da kaina a tsakiyar taro ba tare da na miƙa wa wani ba, kuma ban ji muryarsa ta canja ba. Abin da na sani ya ƙaru shi ne wahalar sauya tsirkiya, domin naɗa sabuwa yana cin murɗi mai yawa, sai na nemi ɗan abin juyawa irin na masu jita.

Masassaƙin kayan kiɗa: Hajiya, a irin halinki ni da kaina zan sa miki su, haka ma yaro ƙarami da hannunsa bai yi ƙarfi ba. Inda nake tsayawa shi ne a kan tsohon kaya. Turke mai haƙora yana zama ne daram a ramin, jikinsa ba ya juyawa, kuma sau da yawa sai an faɗaɗa ramin kafin ya shiga, wasu ma har da ɗan gam. Bangon gidan turakun ud siriri ne, ramukan kuma kusa da juna suke. Ana iya cike ramin da sabon itace a koma katako daga baya, amma abin da aka rarake ya tafi. Wanda ya kawo mini ud na gidan Nahat na Dimashƙa, wato shahararrun masassaƙan ud na da, ya ce in yi masa haka, zan ba shi haƙuri ya nemi wani. Kuma idan haƙoran suka lalace, babu masassaƙin da zai gyara su, sai an yi odar wani daga waje, alhali na katako ina iya fiƙe shi da rana ɗaya.

Ɗalibin ud daga Kano: Nawa ba na gidan Nahat ba ne, Malam, na kasuwa ne, don haka ban janye maganata a kansa ba. Amma zan zare turakun in duba zoben da ka ce, in kuma gwada fensirin kafin in kashe kuɗi.

Masassaƙin kayan kiɗa: Ka zare su ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su wuri guda, domin kowanne da raminsa aka daidaita shi.